SALSALAR ƘWAYAR ƘANJAMAU: YADDA MASANA KE BIN SAWUNTA DAGA ƘASA ZUWA ƘASA

Daga Wakilinmu

RAHOTON da Hukumar Yaƙi da Cutar Ƙanjamau ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNAIDS, ta bayar cikin watan Yuli na shekarar 2025 ya nuna cewa ya zuwa ƙarshen 2024 akwai mutane miliyan 40.8 da ke ɗauke da ƙwayar HIV a duniya. Mutum miliyan 1.3 ne suka kamu cikin wannan shekara kaɗai, sa'an nan wasu 630,000 suka riga mu gidan gaskiya. Rahoton ya fito ne kimanin watanni shida bayan da Gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin taimakon da take bai wa ƙasashen waje, lamarin da ya girgiza shirin nan na PEPFAR, wanda tun shekarar 2003 shi ke ɗauke da babban kaso na kuɗin gwaji da magani a ƙasashen Afirka da dama, har da Nijeriya.

Duk lokacin da kuɗi suka yi ƙaranci, wajibi ne hukuma ta san inda za ta zuba ɗan abin da ya rage. Ƙidayar da ake yi a asibitoci tana iya faɗin yawan waɗanda suka kamu a gari kaza, amma ba ta faɗin inda ƙwayar ta fito, ko hanyar da ta biyo, ko kuwa shekarar da ta iso. Shekara da shekaru ana cike wannan giɓi da zato da zargi, kowace ƙasa na nuna maƙwabciyarta da yatsa. To amma fa tun daga wajen shekarar 1990 masana kimiyya suka samu wata hanya ta tambayar ita ƙwayar da kanta, kuma amsoshin da ta bayar sun rushe abubuwa da yawa waɗanda a da aka ɗauka tabbatattu ne.

YADDA ƘWAYAR KE RUBUTA TARIHINTA

Kowace ƙwayar HIV tana ɗauke da wani rubutun halitta mai haruffa kimanin 9,700, wanda shi ne umurnin da take bi wajen haifar da 'ya'yanta cikin jikin ɗan Adam. Kafin ta hayayyafa sai ta kwafi wannan rubutu, sinadarin da ke yi mata kwafin kuwa ba ya komawa baya ya duba abin da ya rubuta. Saboda haka kuskure kan shiga a kai a kai, a jikin mutumin da ba ya shan magani kuwa ana haifar da biliyoyin ƙwayoyi kowace rana.

Wanda ya san sha'anin littattafan da magabata ke kwafa da hannu zai fahimci abin cikin sauƙi. Idan marubuci a Katsina ya tsallake wata kalma, duk almajirin da ya kwafa daga littafinsa zai gaji wannan tsallake, ya kuma ƙara nasa. Bayan shekara ɗari, malamin da ya tara kwafi talatin daga garuruwa daban daban zai iya jera su bisa ga kurakuran da suka yi tarayya a kai, har ya ce wannan daga wancan ya fito, waɗannan biyun kuma kakansu ɗaya. Haka masana ke yi da ƙwayar ƙanjamau. Sukan ɗebi jinin masu ɗauke da ita, su karanta rubutun halittarta da na'ura, sa'an nan kwamfuta ta jera su ta fitar da bishiyar salsala.

Bugu da ƙari, tun da yake kurakuran suna taruwa ne bisa wani ma'auni da ba ya sauyawa ƙwarai daga shekara zuwa shekara, yawan bambancin da ke tsakanin ƙwayoyi biyu yakan nuna tsawon lokacin da suka yi da rabuwa. Wannan shi masana ke kira agogon halitta. Idan aka haɗa shi da sunan garin da aka ɗebi kowane jini, sai bishiyar ta zama taswira mai ɗauke da shekaru. Sau da yawa ma ba a bukatar sabon ɗiban jini, domin gwajin da likitoci ke yi don gano ko ƙwayar ta fara bijire wa magani shi ma karatun wani sashe ne na wannan rubutu.

DAGA KURMIN KAMARU ZUWA BIRNIN KINSHASA

Babban aikin da wannan ilmi ya fara yi shi ne warware asalin annobar. Cikin shekarar 2006 wata ƙungiyar masana a ƙarƙashin Shaihiyar Malama Beatrice Hahn ta tattara kashin biran nan da ake kira cimfanzi a dazuzzukan Kamaru, ta kuma gano cewa ƙwayar da ta fi kusa da wadda ta game duniya tana jikin biran kurmin kudu maso gabashin ƙasar. Masana sun fi karkata ga cewa ta shiga jikin mutum ne ta hanyar jini, wajen farauta ko fiɗar nama. Irin wannan tsallake ya faru aƙalla sau huɗu, ya haifar da rukunonin da ake kira M da N da O da P. Uku daga cikinsu ba su yi nisa da Kamaru da maƙwabtanta ba. Rukunin M shi kaɗai ya zama annobar duniya.

Dalilin haka yana birnin Kinshasa, wanda a zamanin mulkin Beljiyam ake kira Leopoldville. A can aka samu tsofaffin samfura biyu mafi daɗewa, ɗaya jinin wani mutum da aka ɗiba cikin 1959, ɗayan kuma tsokar kaluluwar wata mace da aka adana cikin 1960. Da Dokta Michael Worobey na Jami'ar Arizona ya gwada su cikin 2008, sai ya tarar sun bambanta da kimanin kashi 12 cikin 100 a sashen da aka auna. Ƙwayoyi biyu a gari ɗaya, shekara ɗaya tsakani, ba za su yi wannan nisa da juna ba sai idan kakarsu ta yi shekaru da dama tana yawo cikin jama'a.

Cikin 2014 masana daga Jami'ar Oxford ta Ingila da Jami'ar Leuven ta Beljiyam, a ƙarƙashin Dokta Nuno Faria, suka bayyana a mujallar Science cewa kakar rukunin M ta zauna a Kinshasa wajen shekarar 1920. Daga nan ta bi hanyoyin da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa don kwasar ma'adinai. Kafin ƙarshen shekarun 1930 ta tsallaka Kogin Kwango zuwa Brazzaville, ta kuma isa Lubumbashi mai tagulla da Mbuji-Mayi mai lu'ulu'u, sa'an nan ta kai Kisangani a farkon shekarun 1950. A ƙarshen shekarun 1940 fasinja fiye da miliyan ɗaya ke ratsa Kinshasa ta jirgin ƙasa kowace shekara. Birni ne na 'yan ƙwadago inda maza suka fi mata yawa nesa ba kusa ba, ga kuma asibitocin da ke yi wa dubban mutane allura da sirinjin da ba a dafa shi yadda ya kamata ba. Daga wajen 1960 saurin yaɗuwar ya ninka kusan sau uku.

Abin lura a nan shi ne, duk wannan ya faru ne shekaru da yawa kafin likitocin Amurka su ba da labarin cutar cikin watan Yuni na 1981, kafin kuma masanan Cibiyar Pasteur ta birnin Paris su gano ƙwayar cikin 1983.

Rassan da suka fita daga Kwango kowane ya kama gabansa. Reshen C ya bi yankin ma'adinai na kudancin ƙasar ya shiga Zambiya da sauran ƙasashen kudancin Afirka tare da 'yan ci-rani masu aikin haƙa. Wani ƙiyasi da aka buga cikin 2019 ya nuna cewa tsakanin 2010 da 2015 wannan reshe shi ke da kusan kashi 47 cikin 100 na dukan masu ɗauke da ƙwayar a duniya. Rassan A da D suka nufi gabas, zuwa Yuganda da Kenya da Tanzaniya, suna bin manyan hanyoyin mota.

HALIN DA AKE CIKI A AFIRKA TA YAMMA

A wannan yanki labarin ya rabu gida biyu. Akwai wata ƙwaya dabam da ake kira HIV-2, wadda aka gano cikin 1986, asalinta kuwa wani biri ne mai launin toka da ake kira mangabi, mazaunin kurmin da ya tashi daga Saliyo zuwa Kwaddibuwa. Binciken da aka buga cikin 2003 ya nuna cewa ta shiga mutane wajen 1940, ta kuma bunƙasa a Gini Bisau daidai lokacin yaƙin neman 'yancin kai na 1963 zuwa 1974. Daga can ta bi sojoji da ma'aikata zuwa Fotugal da sauran ƙasashen da Fotugal ta mallaka. Ba ta kai HIV-1 saurin yaɗuwa ba, amma wasu magunguna irin su nevirapine da efavirenz ba sa yi mata komai, saboda haka likitan da bai bambance su ba zai iya ɗora majinyaci kan maganin da ba zai amfane shi ba.

Ita kuwa HIV-1, irin da ya fi yawa a Afirka ta Yamma barbarar yanyawa ce. Idan ƙwayoyi iri biyu suka haɗu a jikin mutum guda sukan gauraya rubutunsu su haifi sabon iri. Haɗuwar reshen A da reshen G ita ta ba da irin da masana ke kira CRF02_AG, wanda samfurinsa na farko da aka yi cikakken bayani a kai daga Ibadan aka samo shi cikin shekarun 1990. Wannan iri shi ke da kusan rabin masu ɗauke da ƙwayar a Afirka ta Yamma. A Nijeriya shi da reshen G su ne kan gaba. A Barkina Faso da Mali da Jumhuriyar Nijar kuma ana samun wani gauraye mai suna CRF06_cpx da yawa, kuma wani bincike na 2013 ya kai asalin yaɗuwarsa Barkina Faso a ƙarshen shekarun 1970. Wani binciken na 2014 ya nuna cewa babban dangin reshen G na wannan yanki ya kafu a Nijeriya ne tun tsakiyar shekarun 1970, daga nan ya yaɗu zuwa maƙwabta, alhali kuwa sai cikin 1986 aka ba da sanarwar masu ƙanjamau na farko a ƙasar nan.

Ma'anar wannan a fili take. Kowace ƙasa a yankin ta karɓa, ta kuma bayar. Ƙwayar ta riga ta yi shekara goma tana bin kasuwanni da tashoshin mota kafin wani jami'in kan iyaka ya taɓa jin sunanta. Ganin haka ne ya sa ƙasashe biyar, watau Kwaddibuwa da Gana da Togo da Benin da Nijeriya, suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa cikin 2002 don yaƙi da cutar a kan hanyar Abidjan zuwa Legas mai tsawon kilomita dubu da 'yan kai, Bankin Duniya kuma ya tallafa mata cikin 2003.

WAƊANDA BISHIYAR SALSALA TA WANKE

Masu iya magana kan ce laifi tudu ne, kowa ya taka nasa sai ya hango na wani. Tarihin ƙanjamau cike yake da mutanen da aka ɗora wa laifi, kuma wannan ilmi ya wanke wasu daga cikinsu.

A Amurka an shafe shekaru kusan talatin ana kiran wani ma'aikacin jirgin sama ɗan Kanada, Gaëtan Dugas, wanda ya rasu cikin 1984, da cewa shi ne ya kai musu cutar. Cikin 2016 Dokta Worobey da abokan aikinsa suka karanta ƙwayoyin da ke cikin jinin da aka adana tun 1978 da 1979 a Nuyok da San Francisco, har da na shi marigayin. Sakamakon ya nuna cewa reshen B ya isa Nuyok ne wajen 1970 daga yankin Karibiyan, ƙwayar da ke jikin Dugas kuwa wani ɗan reshe ne kawai a tsakiyar bishiya. Tun kafin nan, binciken 2007 ya nuna cewa reshen ya isa Haiti wajen 1966, a zamanin da dubban malamai da ma'aikata 'yan Haiti ke aiki a Kwango bayan ta samu mulkin kai cikin 1960.

Shari'ar da ta fi kowace ɗaukar hankali ita ce ta birnin Bangazi na Libiya, inda yara fiye da 400 suka kamu a wani asibitin yara. Hukuma ta kama ma'aikatan jinya mata biyar 'yan Bulgeriya da wani likita Bafalasɗine, ta tuhume su da sa wa yaran cutar da gangan, kotu kuma ta yanke musu hukuncin kisa cikin 2004. Cikin watan Disamba na 2006 mujallar Nature ta buga binciken Dokta Tulio de Oliveira da abokansa, wanda ya nuna cewa ƙwayar yaran irin CRF02_AG ce mai dangantaka da Afirka ta Yamma, kuma ta riga ta fara yawo a asibitin tun kafin watan Maris na 1998, lokacin da ma'aikatan suka iso. Watau dai rashin tsabtar kayan aiki ne ya jawo bala'in. Ko da yake kotu ta sake tabbatar da hukuncin a cikin wannan wata, shaidar ta ƙara wa masu neman a sake su ƙarfi, aka kuwa sallame su cikin watan Yuli na 2007.

DARASIN TAFKIN BIKITORIYA

Amfanin da ya fi shafar hukumomin lafiya a yau shi ne gano inda sababbin kamuwa ke fitowa, kuma babu inda aka yi wannan aiki da zurfi kamar gundumar Rakai ta Yuganda, wadda ke kan iyaka da lardin Kagera na Tanzaniya. A nan ne cutar ta fara bayyana a Afirka ta Gabas a farkon shekarun 1980. Mutanen Rakai suka raɗa mata suna Silim saboda ramar da take sawa, suka ce fataken Tanzaniya ne suka kawo ta. Mutanen Kagera kuwa suka kira ta Juliyana, suka ce daga Yuganda aka kawo musu.

A ƙauyukan masunta na bakin tafkin, kimanin mutum 40 cikin 100 na manya ke ɗauke da ƙwayar, a ƙauyukan manoma na tudu kuwa kimanin 14. Kowa ya ɗauka cewa daga bakin ruwa cutar ke malala zuwa tudu, aka kuma tsara ayyuka bisa wannan zato. Cikin 2020 ƙungiyar masana ta PANGEA, wadda aka kafa don karanta ƙwayoyin HIV na Afirka, ta buga sakamakon da ya nuna akasin haka. Yawancin kamuwa na faruwa ne tsakanin mutanen tudu su ya su, ƙwayar da ke gangarawa daga tudu zuwa bakin ruwa kuma ta ninka wadda ke hawowa fiye da sau biyu. Masunta na bukatar magani domin kansu, amma duk wanda ya zaci cewa kula da su kaɗai zai kashe wutar a sauran gundumar ya yi kuskuren lissafi.

A lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu, binciken da aka buga cikin 2017 ya bayyana wani zagaye mai ban tsoro. 'Yan mata 'yan ƙasa da shekara 25 suna kamuwa ne daga mazan da suka girme su da kimanin shekara tara. Idan suka girma sai su sa wa tsararrakinsu maza, su kuma mazan su koma ga wasu 'yan matan. Mazan nan su ne suka fi kowa ƙin zuwa gwaji. Tun da yake an tabbatar tun 2011 cewa shan magani da wuri na rage yaɗa ƙwayar ga abokin zama da kashi 96 cikin 100, kai gwaji da magani ga maza magidanta ya zama hanyar kare 'yan mata.

Yaƙi ma yana barin sawunsa. Wani bincike na 2018 ya nuna yadda ƙwayoyin lardunan Donetsk da Luhansk na Yukren suka bazu zuwa sauran sassan ƙasar tare da mutanen da rikicin 2014 ya raba da gidajensu. Wannan abin dubawa ne ga ƙasashe huɗu na yankin Tafkin Chadi, inda tashin hankali ya tarwatsa mutane fiye da miliyan 2, ya kuma raba majinyata da asibitocin da suke karɓar magani.

IYAKAR WANNAN ILMI DA HAƊARINSA

Lalle ne a yi hattara, domin bishiyar salsala tana nuna abin da aka ba ta ne kawai. Idan ƙasa ɗaya ta karanta ƙwayoyi dubu goma, maƙwabciyarta ta karanta ɗari, lissafin zai iya karkata ya nuna ta farkon a matsayin tushe don kawai ita ta yi ƙwazo. Mafi yawan rubutun da ke babbar ma'ajiyar duniya ta Los Alamos a Amurka na reshen B ne, alhali wannan reshe bai wuce kashi 12 cikin 100 na masu ɗauke da ƙwayar ba. Gaurayayyun iri kamar na Afirka ta Yamma su ma sukan rikita lissafi idan guntun sashe kaɗai aka karanta.

Har ila yau, kamannin ƙwayoyin mutum biyu ba hujja ba ce cewa wannan ne ya sa wa wancan. Mai yiwuwa ne akwai mutum na uku a tsakaninsu wanda ba a ɗebi jininsa ba, ko kuwa dukansu daga wuri ɗaya suka samo. Ilmin yana da ƙarfi wajen wanke wanda ake tuhuma, yana kuma da rauni wajen tabbatar da laifi. A Amurka, inda aka faɗaɗa amfani da shi cikin 2018 don gano gungun sababbin kamuwa, ƙungiyoyin masu ɗauke da ƙwayar sun yi ƙorafi cewa ana amfani da sakamakon gwajinsu ba da izninsu ba, a jihohin da dokokinsu ke iya kai mutum kurkuku saboda cutar.

Akwai kuma haɗarin hukunta ƙasar da ta faɗi gaskiya. Cikin watan Nuwamba na 2021 masanan Botsuwana da Afirka ta Kudu suka sanar da duniya sabon nau'in korona mai suna Omicron, ladan da suka samu kuwa shi ne ƙasashen Turai da Amurka suka rufe musu ƙofa. Idan haka za a riƙa yi, babu gwamnatin da za ta yarda ta fitar da abin da ta gano.

ABIN DA YA RAGE GA HUKUMOMI

Babban binciken ƙasa da aka gudanar cikin 2018, wanda aka bayyana sakamakonsa cikin watan Maris na 2019, ya nuna cewa kashi 1.4 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da ƙwayar, jimillar mutane kimanin miliyan 1.9. Shiyyar Kudu maso Kudu ce kan gaba da kashi 3.1, Arewa maso Yamma kuma ke ƙarshe da kashi 0.6. A Kamaru binciken 2017 zuwa 2018 ya ba da kashi 3.7 tsakanin masu shekara 15 zuwa 64, a Jumhuriyar Nijar kuwa adadin bai kai rabin kashi ɗaya ba. Waɗannan alƙaluma sun nuna inda wutar ta fi ci, amma ba su nuna ta inda iska ke kaɗa ta ba.

Mutanen Arewa sun riga sun ga aikin wannan ilmi a kan wata cutar. Bayan da aka dakatar da rigakafin shan-inna a wasu jihohi cikin 2003, karatun rubutun halitta ne ya nuna cewa ƙwayar da ta ɓulla a ƙasashe kusan 20, har da Yaman da Indunusiya, daga Arewacin Nijeriya ta samo asali. Maimakon rufe iyaka, ƙasashe fiye da 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suka shirya rigakafi a lokaci guda cikin 2004, aka ci gaba da haka har aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan-inna cikin watan Agusta na 2020.

Kayan aiki ma ba su gagara ba. Cibiyar da Shaihun Malami Christian Happi ke shugabanta a garin Ede na Jihar Osun ita ta fara karanta rubutun ƙwayar korona a nahiyar Afirka cikin watan Maris na 2020, kuma cikin watan Oktoba na wannan shekara Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin dala miliyan 100 don wadata ƙasashe da irin waɗannan na'urori. Abin da ake bukata shi ne a juya su ga ƙanjamau bisa tsari.

Na farko, ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da hukumar NACA su mai da gwajin bijire wa magani aikin yau da kullum, su kuma tabbatar samfuran sun fito daga kowace shiyya, har da garuruwan kan iyaka irin su Jibiya da Illela da Maigatari da Gamborun Ngala, maimakon manyan asibitocin birane kaɗai. Na biyu, a ƙulla yarjejeniyar musayar sakamako da maƙwabta. Ficewar Nijar da Mali da Barkina Faso daga ƙungiyar ECOWAS cikin watan Janairu na 2025 bai hana fatake zirga-zirga tsakanin Katsina da Maraɗi ba, don haka bai kamata ya hana likitoci magana da juna ba. Majinyacin da ya fara magani a Birnin Ƙonni ya cancanci ya ci gaba da shi a Sakkwato ba tare da wahala ba.

Na uku, a tsare sirrin jama'a. Dokar hana nuna bambanci ga masu ɗauke da ƙwayar ta 2014 da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 sun ba da madogara, amma ana bukatar ƙa'ida bayyananniya cewa za a cire sunan mutum daga kowane samfuri, kuma ba za a miƙa sakamakon ga 'yan sanda ko jami'an shige da fice ba. Duk ranar da direba ko 'yar kasuwa suka ji cewa jininsu zai zama shaida a kansu, ranar za su daina zuwa gwaji.

Cikin watan Yuli na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar rigakafin nan mai suna lenacapavir, wadda ake yi sau biyu a shekara, an kuma yi alkawarin samar da ita kan dala 40 a shekara daga 2027. Kafin ta wadata, kaɗan za a samu, kuma tilas wani jami'i ya zauna ya yanke shawarar garin da za a fara kai ta da mutanen da za a fara yi wa. Ƙasar da ta san hanyoyin da ƙwayar ke bi a cikinta da kuma tsakaninta da maƙwabtanta ita ce za ta yanke wannan shawara bisa hujja.